Tafiyata Benis: An Yabi Ginin Ƙasa, Magina Ba Sa Wurin

A watan Oktoban 2023 na tashi daga Kano zuwa Abuja, daga can jirgi ya bi da mu ta Istanbul ya sauke mu a filin Marco Polo na birnin Benis a ƙasar Italiya. Abin da ya kai ni shi ne Biennale, babban baje kolin zanen gine-gine da ake yi duk bayan shekara biyu. A wannan karo na 18 an damƙa ragamarsa ga Lesley Lokko, 'yar Gana ta wajen uba, kuma cikin mahalarta 89 da ta gayyata fiye da rabi 'yan Afirka ne ko jikokin Afirka da ke zaune waje. Ni da na yi karatun zanen gini a Zariya, ban ga dalilin da zan ji labarin a bakin wani ba.

Benis ba ta da mota. Daga filin jirgi kwalekwale mai inji ne ya ɗauke mu, a cikin gari kuwa ko dai ka bi ruwa ko ka taka da ƙafa, kana hawa gada kana sauka. Garin yana zaune ne a kan tsibirai sama da ɗari, gidajensa a kan turakun itace da aka kakkafa cikin laka tun ƙarnoni da suka wuce. Idon magini ba ya barin bango, don haka na yi ta duba gindin gidaje. Gishirin ruwa yana hawa cikin jan bulo yana cinye shi, kuma kusan kowane lungu za ka tarar da ma'aikata suna kankare shafe suna sabuntawa. A Nuwamban 2019 ruwan teku ya tashi har santimita 187 a ma'aunin hawan teku ya mamaye garin, sai a 2020 aka fara ɗaga shingen MOSE da ke tare teku. Wannan birni da duniya ke tururuwar gani, gyara ne kullum ya riƙe shi, kamar yadda yaɓen shekara ke riƙe soro. Ban taɓa jin wanda ya ce a rushe Benis don tana cin gyara ba.

Wurare biyu ne manyan filayen baje kolin: lambun Giardini, da Arsenale, tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, inda zauren murɗa igiya kaɗai ya haura mita 300 a tsawo. A Giardini na fi daɗewa. Rumfar Barazil, wadda ta ci Zinariyar Zaki, babbar kyautar taron, a rukunin ƙasashe, an shimfiɗe daɓenta da ƙasa gaba ɗaya. A wani ƙaramin ɗaki an jera ayyukan Demas Nwoko, dattijon da aka haifa a 1935, wanda ya yi karatu a Zariya, aka ba shi Zinariyar Zaki ta aikin rayuwa. Shi ne ya gina cocin Dominika a Ibadan, yana gauraya jar ƙasa da ɗan siminti, yana barin iska ta yi aikin da wasu ke jira na'ura ta yi.

Ɗakin da ya tsayar da ni shi ne na Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar. Da hannu aka zana taswirorin gine-gine a jikin bango, kuma cikin ayyukanta akwai Hikma na garin Dandaji a jihar Tawa, wanda ta yi tare da Yasaman Esmaili aka gama a 2018. Tsohon masallacin ƙasa na garin ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da aka matse a inji. Tsohon masallacin nan yana da nasaba da Falke Barmou, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1986. Abin da ya fi burge ni shi ne an kira maginan gargajiya cikin aikin, ba a mayar da su 'yan kallo ba.

Ban da kayan da aka baje, an tsara jerin laccoci da zaman tattaunawa a tsawon watanni shida na taron, daga 20 ga Mayu zuwa 26 ga Nuwamba. Batutuwa biyu ne suka yi ta dawowa: raba gini da tunanin mulkin mallaka, da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na wannan hayaƙi, shi ya sa ƙasa ta zama abin yabo a kowane baki, ana kawo misalin makarantar Gando ta Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci Pritzker, babbar kyautar zanen gini ta duniya, a 2022. Na ji daɗin zaman da na halarta, an yi magana mai ma'ana. Amma da na waiwaya cikin zauren, farfesoshi ne da ɗalibai da masu kamfanonin zane. Babu mutum ɗaya da ya taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ya bar ta ta kwana, ko ya san yadda ake jiƙa makuba, ko ya iya jera azara ta fita ta zama bakan gizo. Ba abin mamaki ba ne, domin Lokko da kanta ta bayyana a farkon taron cewa an hana mutum uku na tawagarta daga Gana biza. Idan haka ta faru da su, ina ga Sarkin Magina?

Bayan zaman na haɗu da wani matashi daga Damagaram mai karatu a Faransa. Da ya ji ina amsa waya da Hausa sai ya matso.

"Ranka ya daɗe, daga ina?"

"Daga Kano, samari. Ya ka ga zaman?"

"Wallahi Malam, duk abin da suka faɗa kakana yana yi. Amma da ya samu kuɗi, bulo da kwano ya saya wa babana."

Nan ne tattaunawar ba ta kai ba. Mutumin da ya bar tubali ba jahili ba ne. Yaɓe yana son hannu da yawa a kowace shekara, kuma gayyar da ke yin sa ta watse. Giginyar da ake tsaga azara daga jikinta ta yi ƙaranci. Ruwan sama yana zuwa da ƙarfi, magudanai sun toshe, gindin bango yana jiƙa. Ga kuma magana ta mutunci, wadda ta fi duka nauyi: gidan ƙasa ya zama shaidar talauci a idon surukai. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, yana nan da bakan gizonsa, amma an rufe shi da sabon gini na siminti.

Kafin in bar Benis na zauna a masauki na rubuta sunayen magina huɗu na cikin birnin Kano da nake aiki da su, da tambayoyin da zan kai musu: nawa yaɓen ɗaki ɗaya yake ci yanzu, me zai maye gurbin azara, wane tsayi za a ba gindin dutse kafin a ɗora tubali. Ina so zama na gaba a yi shi a zauren ɗayansu, da Hausa, ɗaliban zane su zauna a tabarma su saurara.