Zaman da muke yi da 'yan sanda a ƙofar gidan mai unguwa

Ƙwacen waya ne ya sa muka fara. Da 'yan daba suka addabi unguwarmu a Kano, har mutum ba ya iya amsa kira a bakin titi bayan magariba, sai mai unguwa ya ce in rubuta wa DPO, wato shugaban 'yan sandan yankinmu, takardar gayyata, tunda ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, yana nan tun 1984, amma yawancin maƙwabtana ba su taɓa jin sunansa ba. Ta hannun shugabansa na yankinmu takardar ta bi.

Mun ƙi yin zaman a caji ofis, domin a can bakin talaka mutuwa yake yi. Tabarmi muka shimfiɗa a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, 'yan sanda suka zo a matsayin baƙi. Liman na shafa addu'a wani dattijo ya miƙe: "Ranka ya daɗe, a bangon ofishinku an rubuta beli kyauta ne. To wanda muke bayarwa kuɗin mene ne?" Wuri ya yi tsit. DPO bai yi fushi ba, ya karanto lambar wayarsa ya ce duk wanda aka nemi ko sisi a wajensa ya kira shi. A nan da yawa suka fara jin cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, kuma rikicin bashi na kotu ne, ba na ɗan sanda ba.

Su ma da nasu ƙorafin. Wani sajan ya ce su kama yaro da wuƙa da daddare, gari na wayewa mu ne a ƙofarsu muna roƙo. Gaskiya ya faɗa, babu wanda ya musa.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne tsoro. Kowa ya san gidan da ake sayar da ƙwaya, amma wa zai faɗa a bainar jama'a alhali ƙanen mai sayarwar yana zaune a bayansa? Sai muka hana ambaton suna a taro; mai labari ya kai wa liman ko mai unguwa a keɓe. Mata kuwa zamansu daban muka shirya a makarantar Islamiyya tare da 'yar sanda mace, kuma bayanan da suka fi amfani daga wajensu suka fito.

DPO ba ya daɗewa, kuna sabawa a sauya masa wurin aiki. Shi ya sa yanzu muke dagewa sai an zo mana da ƙananan jami'an da ke sintiri a layukanmu, su zauna tabarma ɗaya da 'yan sintirin unguwa, kowa ya karɓi lambar ɗan'uwansa kafin a tashi.