A bakin dajin Baban Rafi

Yau da hantsi na tsaya a wata kasuwar itace da ke bakin dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, inda na ga wani dattijo ɗan ƙungiyar masu saran itace ya hana direban babbar mota ƙarin lodi, duk da kuɗin da ya zaro daga aljihu. Cikin sanyin murya ya shaida masa cewa rabon bana ya ƙare, kuma sashen da aka sare dole a bar shi ya sake toho.

Tun dokar 1992 ƙauyukan Nijar ke da ikon sayar da itacen dazukansu, wani kaso na harajin yana zama hannunsu. Har na iso gida ina tunanin direban nan, domin ina zaton ya san inda zai cika motarsa da dare.