Gonar da na jinginar saboda kuɗin rajista

Ranar Alhamis muna dawowa daga kasuwar Maigatari ɗan yayana ya ja ni gefe. "Baffa, tallafin karatun bai kai kuɗin rajista ba, gonar gado nake so in jinginar." Gabana ya faɗi, don maganar da na yi wa tsohuwata ke nan ina aji biyu a jami'a.

A waccan shekarar tallafin da muke jira ya makara, da ya fito kuma ko rabi bai kai ba. Na ɗauki gonarmu ta bakin fadama na ba wani mai hali jingina, a gaban mai unguwa da shaidu biyu, na ce damina ɗaya zan fanso. Damina bakwai ya yi yana noma riɗi da gero a cikinta, kowace kaka amalanke na wucewa ta ƙofar gidanmu da dammuna, mu kuwa muna awo a kasuwa. Ƙannena mata suna da rabo a gonar, ban ko shawarce su ba.

To amma me zan yi? Saura kwana uku a rufe rajista, ba wanda ya ce ga sisi. Kuma takardar digirin nan ce take riƙe da gidan a yau. Haka nake lallashin kaina. Sai dai ba duka kuɗin ne suka shiga makaranta ba, na ɗinka shadda kala biyu na sayi waya, wai kada a gane ɗan ƙauye ne. Tsohuwa ta rasu gonar tana hannun mutane.

Na shirya masa nasiha mai tsawo, da na buɗe baki abu kaɗan ya fito. Kada ka taɓa ƙasa, kada ka ci bashi. Da na ce bashi kuma sai na tuna da NELFUND, asusun lamunin ɗalibai da aka buɗe a 2024. Ba ruwa a ciki, ana tura kuɗin makaranta kai tsaye, ɗalibi ya samu naira 20,000 a wata, biya sai bayan shekara 2 da gama bautar ƙasa. Wannan kam ka ci. Mu da mun samu irinsa!

Sauran, ka sayi ɗan tunkiya ka turke wa Babbar Sallah, hutu ya zo ka tafi Kadawa tsinkar tumatir ko Haɗeja yankan shinkafa. Nan ya yamutsa fuska. Yaran yanzu! Wayar da ke hannunsa ta fi kuɗin rajistar tsada, amma ya ji kunyar a gan shi da lauje. Na ce ya sayar da ita, sai na tuna da ita zai cike takardar lamunin.

Ya ce zai yi shawara. Jiya da magariba na hango babur ɗinsa a ƙofar gidan ɗan mai halin nan.