Mun kashe komi amma aradu ta ci mana kaya, ashe matsalar na ƙarƙashin ƙasa

Jama'a duk wanda ke ganin in ya sauke dijonkta lokacin hadari to ya gama kare kayanshi, dan Allah ya tsaya ya karanta wanga. Daminar bara cikin watan Agusta, dare ɗaya muka rasa rediyon Baba, da dikodar tele, da tarhon tebur mai sim na Inna, da salula biyu da ke kan caji, alhali babu makunnin da ba mu kashe ba a gidan. Kuma fa aradun ba kan gidanmu ta faɗo ba, can bayan layinmu ta tsaga wani icce. Abin da ke ci mani rai har yau shi ne muna da wayar ƙasa, da kuɗina na biya aka saka ta, saboda ita ce ma nake kwana da kwanciyar hankali in hadari ya taso.

Gidanmu a Burja yake. Baba mutum ne na gajeren zango, shi FM ba ta ishe shi ba sai ya kamo Landan da Jamus da kanshi, to sai muka ja mashi doguwar waya daga dogon yaron tsakar gida har tagar ɗakinshi. Tarhon Inna kuma eriyarshi na bisa gora saman kwano don rezo ba ya shiga ɗakinta. Sannan tun Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, kun san ta layin Katsina kuran ɗin Maradi ke shigowa, muka saka pano biyu bisa rufi da batir, daga nan ake cajin salula. Wato wayoyi huɗu kenan da suka fito daga sama suka shiga ɗakuna idan aka haɗa da ta parabol, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ta bi ta dijonkta. Ku lura da wanga sosai, mutum sai ya sauke dijonkta ya koma ya kwanta alhali ƙofa ɗaya kaɗai ya rufe.

Da safe na buɗe bayan rediyon, warin ƙonannen roba ne ya fara tarbe ni. Inda wayar eriya ta shiga ya yi baƙi ƙirin, bakin wayar ya narke ya dunƙule ya zama ɗan tsakuwar jan ƙarfe, wata ƴar siririyar hanya a kan allon ta tashi gaba ɗaya sai alamar toka. Baba bai ce komi ba, ya karɓa ya duba ya ajiye ƙarƙashin gado, rediyon ya girme ni.

Wani dattijo aka haɗa ni da shi, ya yi aikin layin tarho tun zamanin da gidan waya ke jan layi bisa turaku. Da ya zo ko kayan da suka ƙone bai kalla ba, sai ya ce mani "ɗana, nuna mani ƙasarku." Na kai shi bayan ɗaki inda wayar ta sauka, ya duƙa ya kama ta da hannu ɗaya ya ja, wallahi tallahi sai ga abu ya fito salin alin. Guntun rodi ne na gini, bai kai kamu ɗaya ba, ya yi tsatsa jawur, an ɗan murɗa wayar a jikinshi sau biyu an naɗe da sikoc, an soka cikin busasshen rairayi. Shi kenan fa. Wanda ya yi mani aikin ce mani ya yi ya kafa pike na jan ƙarfe mai tsawon mita biyu, kuma kuɗin pike na ba shi, ranar ina kasuwa, da na dawo ya nuna mani wayar ta nutse a ƙasa ya ce an gama. Ba zan kama sunanshi ba, na bar shi da Allah, amma ina tsaye ina kallon guntun rodin nan jikina har rawa yake, don a ɗakin nan yara ke kwana.

Dattijon ya zauna bisa tabarma ya yi mani bayani, kuma daga baya na bincika na ga haka abin yake. Kuran ɗinmu na gida bolt 220 ne. Aradu guda kuwa ƙarfin abin da ke gudu cikinta yakan kai ampa 30,000, kuma ba sai ta taɓa wayarka ba, in ta faɗi kusa duk wata doguwar waya da ke sarari sai ta kwashi dubban bolt cikin ƙiftawar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Dijonkta kafin ya ji ya sauka abin ya riga ya wuce, dama shi ba don aradu aka yi shi ba, don gobara da haɗuwar waya ne. Makunnin bango kuma in ka kashe shi tazarar da ke tsakanin ƙarafanshi ƴan milimita ce, alhali bolt 3,000 sun isa su tsallake milimita ɗaya ta iska, ƙari da haka yawancinsu waya ɗaya suke yankewa ɗayar na nan haɗe. Ya ce "ɗana, ita aradu kamar ruwan sama ce a tsakar gida, ba a tare ta da ƙyaure, rariya ake yi mata, in babu rariya ɗaki za ta shiga." To mu rariyarmu guntun rodi ce cikin rairayi, shi ya sa ta bi ta cikin rediyon Baba.

Daga ƙasa muka fara gyara, kuma nan ne nake so ku kashe kuɗinku kafin ku sayi kowane irin makunni. Rairayin Maradi, musamman mu da ke bisa tudu nesa da Gulbi, in ya bushe kusan ba ya wuce da wuta, don haka sai an nemi danshi. Muka koma kusa da makwararar wurin wanka inda ƙasa ba ta bushewa ko da bazara, muka kafa pike mai mita biyu, muka ƙara na biyu nesa da shi da kamar mita ukku, aka haɗa su da tsirarar wayar jan ƙarfe mai kauri, wadda faɗin bakinta murabba'in milimita 25 ne, binne cikin rami. Haɗin kuma da maƙalin noti ne aka ɗaure tamau, ba murɗawa da sikoc ba. Na ce a zuba gishiri kamar yadda ake yi, ya ce gawayi dai babu laifi amma gishiri cin ƙarfen yake kuma damina biyu ta wanke shi. Ya zo da na'urar awo ya gwada a gabana, ya ce a ƙa'idar Faransa da masu aikin kuran ɗinmu suka koya, ƙasar gida ba a son ta wuce om 100 (om shi ne ma'aunin yadda ƙasa ke tare wuta), ta sandar aradu kuma om 10, iya ƙanƙantar lambar iya kyanta. Dan Allah duk wanda zai yi maka wanga aiki ka tsaya kanshi har ka ga piken ya nutse da idonka, ka bar kasuwar ta jira. Kuma a babbar kasuwa ku riƙa karce kayan kafin ku biya, akwai pike da fenti ne kawai aka shafa mashi launin jan ƙarfe, akwai waya da in ka kankare ta sai ka ga farin alminiyom a ciki.

Sai makunnin. Ba wani abin zamani ba ne, irin mai hannu ɗin nan ne da ake juya wuta tsakanin kuran da gurup, mai baki biyu, tun zamanin rediyon farko da shi ake kare eriya. Wayar eriya ta shiga tsakiya, bakin sama ya tafi rediyo, bakin ƙasa ya sauka pike. In za a saurara a ɗaga sama, in an gama a sauke ƙasa, to ka ga eriyar ta rabu da rediyo kuma ta samu hanyarta ta kanta, wanda makunnin kashewa kawai ba ya yi. Waje muka kafa shi jikin bango ƙarƙashin indararo cikin ɗan akwati, ba cikin ɗaki ba, don ba ka son abin ya shigo ɗaki sannan ya nemi hanyar fita. Wayar da ta sauka daga shi zuwa ƙasa gajera ce, mai kauri, miƙe sak, dattijon ya hana a lanƙwasa ta ko a naɗe ragowarta, ya ce a yanke.

Farkon daminar bana na ga abin da ya tabbatar mani. Hadari ya haɗo daga gabas, jar ƙurar nan da ke zuwa gaba ta fara kaɗawa, ko ɗigo bai sauka ba kuma ba a fara tsawa ba, na je sauke hannun makunnin, kafin ƙarfe ya taɓa ƙarfe na ji tas, ƴar shuɗiyar wuta ta tsallaka. Ƙura kaɗai ce ta cika wayar da wuta haka. Tun ranar na ce ma Baba "Baba ku riƙa sauke shi da kun gama jin labarai, kada ku jira hadari," yanzu ya zame mashi jiki, yana kashe rediyo yana miƙa hannu ta taga. In kuwa an riga an fara tsawa kusa to a bar shi yadda yake, ran mutum ya fi rediyo.

A wajen kuran muka saka parafudur, wato ɗan abin kariya daga wutar aradu, kusa da dijonkta. Shi ba ya jiran hannun kowa, in wuta ta haura sai ya buɗe mata hanya zuwa ƙasa nan take, amma ga inda nake komawa kullum, in da na saye shi tun farko na haɗa da guntun rodin nan da kuɗina na zubar, don ba shi da inda zai kai ta. Wayoyinshi duka kada su wuce santimita 50. Yana da ƴar taga, kore lafiya lau, in ta koma ja ya mutu sai a canja, ku riƙa leƙawa bayan kowane babban hadari. Pano ma da nasu daban na wutar batir, ba a saka masu na kuran, kuma firam ɗinsu da ƙafar parabol duk mun ja masu waya zuwa piken nan guda. Wanga ma darasi ne, kada kowane abu ya zama da ƙasarshi daban, in suka rabu to wutar ta cikin kayanka za ta bi daga wannan ta koma waccan.

Maganar da ake yawo da ita cewa salula na jawo aradu ba gaskiya ba ce, salular da ke hannunka cikin ɗaki ba a haɗe da komi ba babu ruwan aradu da ita. Haɗarin na ga wadda ke kan caji, balle a ce mutum ya saka abin kunne yana kwance da ita, namu biyun da suka mutu duka a kan caji suke ta wayar pano. Yanzu dokar gidanmu da an ga hadari a zare kowace caja a ajiye. Na koya ma yara ƙirga, in sun ga walƙiya su ƙirga har su ji tsawa, kowane sakan 3 kilomita ɗaya ne, in bai kai 30 ba kowa ya shiga ɗaki ya bar gindin icce, kuma ba a maida komi sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Ba zan yaudare ku ba, in aradu ta sauka kan eriyar kanta kai tsaye babu ɗan makunnin da zai ce ya tare ta duka, shi ya sa in za mu yi tafiya da damina kwance wayar nake gaba ɗaya in jefa ta nesa da ɗaki. Amma yawancin ɓarnar da ake yi mana irin tamu ce, ta faɗi can ta shigo ta waya, wannan kuwa ana iya kare ta.

Bayan abin ya faru na zaga maƙwabta na ce kowa ya je ya ja wayar ƙasarshi da hannu. Wani Alhaji da ke kallonmu tashi ta fito da ƙusa a baki, wani kuma an ɗaure mashi ita jikin bututun pampo, bututun kuma na roba ne. Ban san masu irin wanga aiki mi suke tunani ba, dukiyar mutane da rayukansu fa.

Abin da ya rage mani shi ne tarhon Inna da dikoda. Wayarsu irin mai zagaye ce mai raga a ciki, ba a bi da ita ta makunni mai hannu don sigina lalacewa take, akwai ɗan abin kariya na musamman da ake ɗaurawa a tsakiyarta a ja mashi ƙasa. Na dikoda na samu, na tarhon kuwa mai irin bakin eriyarshi na zaga kasuwa ban samu ba, na ba wani direban Kano saƙo. Kafin ya zo, da hannu muke kwance eriyar daga bayan tarhon mu fitar da bakin wayar ta taga, in akwai wanda ya san inda ake sayar da shi nan cikin gari dan Allah ya faɗa mani.