Kwana 52 zuwa Tumbuktu

Talata, garin Zagora, bayan sallar Isha'i

Ƙafafuna sun kumbura, ƙuguna sai ciwo yake, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da na gani yau, don in na bari sai gobe rabinsa zai zube. Kwananmu 9 ke nan a Maroko, ni da Kawu. Ziyarar Shehu Tijjani ce ta kawo mu Fas, mun yi ta lafiya, muka gangaro Marrakesh, sai Kawu ya kafe a kan ba zai koma Kano ba sai ya ga bakin Sahara ta wannan ɓangaren. Ya ce ya tsufa yana kallonta daga kudu, yau yana so ya leƙa ta daga arewa.

Muna idar da sallar Asuba muka hau mota. Direban da muka ɗauka haya ɗan ƙabilar Amazig ne, mutumin duwatsu, ba mai yawan magana ba. Larabcin Kawu na littattafai ne, nasa kuwa na kasuwa, sai kowa ya rage nasa suka haɗu a tsakiya. Daga Marrakesh zuwa Warzazat kusan kilomita 200 ne, daga can zuwa nan Zagora wajen 160. A lissafina na mutumin da ya saba da hanyar Kano zuwa Kaduna, na ce kafin La'asar mun sauke kaya. Ashe lissafin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ya aiki a kan dutse.

Ba mu yi awa guda ba hanya ta fara hawa duwatsun Atlas. Kwana bayan kwana, ka fita daga wannan ka faɗa wancan, a dama bangon dutse, a hagu rami wanda in ka leƙa sai ka hango gidaje ƙanana kamar akwatin ashana. Kunnuwana suka toshe. Kawu ya yi shiru, carbi kawai ke tafiya a hannunsa, can sai ya ce a hankali, "Ɗan nan, ce masa ya tsaya." Jiri ne ya kama shi har ya yi amai a gefen hanya. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin ni na yi wa Inna alkawarin zan kula da ɗan'uwanta. Direban bai nuna gajiya da mu ba ko kaɗan. Ya ɗauko ruwa a buta, ya riƙe masa kafaɗa yana cewa, "Sannu, Sidi Alhaji, dutsen nan haka yake yi wa baƙi." Ya mayar da shi kujerar gaba, ya rage gudu har muka kai ƙauyen Taddart, inda muka sha shayi mai na'ana'a da gurasa mai zafi da man zaitun.

A nan ne direban ya nuna mana yamma da hannu, ya ce can ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba, 2023 ta fi ɓarna, wadda ta ci rayuka kusan 3,000. Danginsa sun yi makonni suna kwana a waje don tsoron bango. Muka yi wa mamatan addu'a, bai ƙara cewa komai ba.

Ƙololuwar hanyar ita ake kira Tizi n'Tishka, allon da ke wurin ya ce mita 2,260 sama da teku. Iska mai sanyi ta ratsa min riga kamar tsakiyar hunturu. Abin da ya ɗauke min hankali shi ne allunan hanya: Larabci, Faransanci, sai kuma wani rubutu mai da'ira da gicciye da ɗigo-ɗigo. Tifinag ne, rubutun Amazig, ɗan'uwan wanda Buzaye ke rubutawa a Agadas. Tun 2011 harshen Amazig ya zama harshen hukuma a ƙasar tare da Larabci.

Da hantsi muka ratse zuwa Ait Bin Haddu, tsohon gari na jar ƙasa a jikin tudu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. 'Yan yawon buɗe ido sun cika shi, kowa na neman inda aka ɗauki fim kaza. Kawu bai kula su ba. Bango ya je ya shafa, ya kankare kaɗan da farce, ya ga ƙaiƙayi a cikin ƙasar. Su ba tubali mai kan ƙwai suke jerawa kamar maginanmu ba, allunan katako biyu suke kafawa su zuba ƙasa mai danshi a tsakani su daddaɓe, sai su ɗaga katakon su hau sama. Amma in ka shiga ɗaki, sanyin nan da ƙamshin ƙasar nan na soron gidan kakanmu ne sak.

Warzazat wucewa kawai muka yi. Mun hango doguwar hasumiyar tashar wutar rana ta Noor tana ƙyalli daga nesa, muka ci tajin, wato dahuwarsu ta cikin kaskon ƙasa, na naman rago, muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru, muka kama hanya. Sai wani hawan kuma, Tizi n'Tinififit, duwatsu baƙaƙe babu ko ciyawa. Ina cikin gyangyaɗi sai kwarin kogin Dar'a ya buɗe a gabanmu daga garin Agdaz, dabino kore shar iya ganinka, yana bin kogin kamar an shimfiɗa darduma. Lokacin girbi ne, yara na tsaye bakin titi da kwalaye suna ɗaga wa motoci.

Wani ƙauye muka tsaya sayen dabinon, kuma a nan ne abin da ya fi tsaya min a rai ya faru. Daga wani ɗaki a jikin masallaci muka ji karatun yara. Kawu ya yi sallama, malamin ya yi mana izini. Yara ne kamar goma sha biyar, kowa da allonsa a cinya, allo na katako irin namu, sai dai su suna shafa masa farar ƙasa, tawadarsu kuma da ƙonannen gashin tumaki ake yin ta, ba gawayi da ƙaro ba. Kawu ya karɓi allon wani yaro ya matso da shi kusa da ido. Fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Rubutun Warshu, irin wanda aka koya mana a tsangaya. Yaron ya ja aya, Kawu ya ɗora ta gaba ba tare da ya duba ba, malamin ya karɓe, suka tafi tare su uku har ƙarshen sumuni. Da suka tsaya na ga hawaye a gemun Kawu. Malamin ya tambaye mu daga ina, muka ce Najeriya, Kano. Ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu, ya hana mu biyan kuɗin dabinon, wai na gonarsa ne.

Rana na gab da faɗuwa muka shigo Zagora. Direban ya kai mu gaban allon nan da kowa ke ɗaukar hoto, mai zanen raƙuma da kibiya, an rubuta: Tumbuktu, kwana 52, wato tafiyar ayari a kan raƙumi. Tun a Agdaz nake ƙorafin gajiya a zuci, ganin wannan lamba ya sa na yi shiru. Ta wannan kwarin rundunar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ta bi ta je ta karya daular Songhai a 1591, kuma a 1594 aka iso da Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu Marrakesh a matsayin kamamme. Zinariya ta bi hanyar, gishiri ya bi, littattafai sun bi, an kuma kora bayin Allah a ɗaure a kanta, wasu ƙishirwa ta kashe su kafin su ga dabinon nan da na gani yau. Kawu, da yake sana'ar fata ya gada, ya ce ayarin Kano sun fi bin Agadas da Gat da Gadamas su ɓulle Tarabulus, amma duk da haka jar fatar akuyarmu in ta isa Turai, fatar Maroko suke ce mata. Ya daɗe a tsaye yana kallon kudu, hannunsa a bayansa, har aka kira Magariba.

Yanzu yana barci, ya sha magani, jirin ya sake shi. Na kira Inna na shaida mata. Gobe in Allah ya kai mu za mu Tamgurut, kilomita 18 daga nan, mu ga tsofaffin littattafan zawiyar Nasiriyya. Kawu ya ce in tashe shi da wuri, kuma in ware rabin dabinon malamin, na mutanen gida ne, kada in taɓa.