Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Teburin Naɗin Fim

Jama'a, barkanmu da wannan mako. A kashin da ya gabata mun tsaya ne a inda gwangwanayen fim ke isowa Katsina daga Kano a motar haya, an ɗaure su da igiya. Yau labarin kaina zai dakata, domin wanda bai san teburin naɗi ba, ba zai gane aikin ɗakin majigi ba. Fim ba ya fita daga gwangwani ya hau injin haskawa kai tsaye. Sai ya bi ta kan wannan tebur, kuma yawancin ɓarnar da ake ɗora wa inji a nan take farawa.

Teburin katako ne mai ƙwari, tsayinsa daidai ƙugu. An ɗaure masa keken naɗi biyu da noti, ɗaya hagu ɗaya dama, tsakaninsu kamar ƙafa 3 zuwa 4. Kowanne yana da sandar ƙarfe mai ɗan haƙori da ke shiga ramin tsakiyar faifai ya riƙe shi. Na dama ake juyawa da hannu, kuma akwai giya a cikinsa: juyi ɗaya na hannu, faifai ya yi kusan huɗu. Na hagu bi kawai yake yi, ana tare shi da tafin hannu ko da ɗan birki na fata. Kamfanin Neumade na Amurka ya shahara da ƙera irinsu. A tsakiyar teburin akwai gilashi da ƙwan fitila a ƙasa, don a ga hoto ba sai an ɗaga fim sama ba.

Lissafin da kowane ofareta, wato mai haska fim, ya haddace shi ne wannan. Fim mai faɗin milimita 35 yana da huji 4 a kowane gefen hoto ɗaya, hoto 16 a ƙafa guda, hoto 24 a daƙiƙa, wato ƙafa 90 a minti. Faifai mai ƙafa 2,000 bai wuce minti 22 ba, don haka fim ɗin Indiya na awa uku faifai 8 ne ko 9. Duk faifan da ya sauka daga inji wutsiyarsa ce a waje, sai an mayar da shi kansa ya dawo waje. Majigin gwamnati da a da ake kaiwa ƙofar fada da ƙauyuka kuwa milimita 16 ne, ƙafa 36 a minti, faifai mai ƙafa 1,600 ya kai minti 44.

Yaro sabon shiga gani yake juya hannu ne kawai. To, ga inda ake faɗuwa. Yayin da faifan dama ke cika, na hagu yana ramewa, gudunsa kuma yana ƙaruwa. Ka tsayar da hannu farat ɗaya, na hagu bai san ka tsaya ba, sai ya kwararo fim a ƙasa. A hunturun Katsina wannan masifa ce, domin fim da ya sha gudu a busasshiyar iska yana jan ƙura da kansa. Abin da ya fi wannan muni shi ne naɗi ya yi sako-sako, mutum ya kama wutsiya ya ja don ya matse shi. Za ka ji ɗan ƙara ƙii, to wannan yashi ne ke karce hoto a tsakanin zagaye da zagaye, kuma ba ya gyaruwa har abada. Naɗin da ya yi sako-sako sake shi ake yi tun daga farko, hannun hagu yana tare faifai a hankali. Faifan ƙarfe da bakinsa ya lanƙwashe shi ma a jefar da shi gefe, don kowane zagaye sai ya ci gefen fim.

Dubawa ba da gudu ake yi ba. Ana sa safar hannu ta auduga, a riƙe gefen fim biyu tsakanin babban yatsa da manuniya, ba a taɓa fuskar hoto. Yatsa ke jin hujin da ya yage kafin ido ya gani. In guda ɗaya ne, a sa almakashi a gyara bakin yagewar ya yi sumul don kada ya maƙale a haƙoran inji. In sun jeru uku ko huɗu, sai dai yanka.

Haɗi da gam shi ne aikin da ke raba ƙwararre da ɗan koyo. Fim fuska biyu gare shi: mai ƙyalli, da mai dishi-dishi wadda hoton ke kanta. Ana yanke ɓari ɗaya daidai layin da ya raba hoto da hoto, ɗayan kuma a bar masa ɗan harshe kamar milimita 2. A ɗan jiƙa harshen, a kankare fuskar hoton da reza har ya yi garau, amma kada a ci jikin fim ɗin. A shafa gam sau ɗaya da ɗan burushi, a rufe maƙalar da ke danne ɓarin biyu nan take, a ƙirga kamar daƙiƙa 20. Wannan gam narkar da ɓarin biyu yake yi su zama abu guda, shi ya sa in an bar ragowar hoto a harshen ba ya kamawa, in kuma ya yi yawa wurin ya kumbura. A zafin bazara kwalbar da aka bari a buɗe kan yi kauri ta lalace.

Sai ƙirgen huji. Ka yi kuskuren guda ɗaya ko biyu, layin raba hoto ya fito a allo, ƙafafun jarumi a sama, kansa a ƙasa, 'yan kallo su hau fito da buga benci. Akwai kuma abin da mutane ba su lura da shi ba: sautin yana gefen fim ɗin, kuma yana gaban hotonsa da kimanin hoto 20. Saboda haka in ka yanke ƙafa guda, hoton wani lokaci ka cire, da maganar wani lokaci dabam. Shi ya sa tsohon fim da ya zaga Funtuwa da Gusau kafin ya iso, waƙarsa ke tsalle.

Masu haɗawa da allura ko salatif na kanti, Allah ya shirye su. Allura tana yaga yatsa da haƙoran inji, salatif kuma zafi na narkar da danƙonsa ya manne zagayen da ke kusa. Na'urar kirki ita ce ta CIR, wadda wani mai yanka da haɗa fim ɗan Italiya, Leo Catozzo, ya ƙirƙiro. Tana ɗora tef na musamman, ta yanke gefe, ta huda ramukan a bugu ɗaya, kuma ba a asarar hoto. Da fim na roba mai ƙarfi ya yawaita a shekarun 1990, irinta aka koma wa, domin gam ba ya kama shi. Moviola, da Iwan Serrurier ya fitar a 1924, da teburin Steenbeck na Jamus, kayan masu shirya fim ne, gidan sinima ba ya bukatarsu.

Wanda ya tsinci tsohon gwangwani a ɗakin ajiya ya fara duba rubutun gefen fim. In ya ga NITRATE, ya nisanta shi da wuta da rana, domin irin wannan ko a cikin ruwa yana ci, kuma tun farkon shekarun 1950 aka daina yin sa. In ya ga SAFETY amma tsami ya bugi hancinsa da buɗewa, fim ɗin ya fara ruɓewa, a raba shi da sauran. Kada a ɗora shi a inji, ya riga ya tsuke, hujinsa ba za su dace da haƙora ba. Hukumar Fina-finai ta Najeriya tana da ma'ajiyar irin waɗannan a Jos.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun ɗigon nan da ke ƙiftawa a kusurwar dama ta saman allo, da yadda ake sauya inji ba tare da 'yan kallo sun farga ba.