Amsa-kuwwar da ba ta rami ba ce

Laraba, bayan isha'i.

Da asuba na buɗe kwamfuta na tarar lissafin da na bari jiya, na gwajin gano ramin da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa ta hanyar girgiza, ya kammala. A hoton ga wani layi ya lanƙwasa kamar baka, irin wanda girgiza ke bari in ta bugi kogo ta dawo. Ko shayi ban tsaya sha ba, da sanyin Jos ɗin nan na nufi ofishin Malam.

Ƙasar da na gina a kwamfuta faɗinta mita 60 ne, zurfinta 30, na yanka ta gida-gida kamar dara, na binne rami mai faɗin mita 2 a zurfin mita 5. Sai in "buga guduma" a sama, kwamfuta ta bi motsin daga gida zuwa gida, bisa tsarin da masanin girgizar ƙasa Virieux ya wallafa a 1986.

Malam ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Cire ramin, ka sake gudanarwa."

"Malam, ai ga shi nan a fili."

"Cire dai."

Na cire. Bayan azahar sakamako ya fito, bakan yana nan daram, babu rami babu dalilinsa. Ashe girgizar bangon ƙasar tawa take bugawa ta dawo. Ƙasar gaske ba ta da bango, tawa kuwa a mita 60 ta ƙare. Raina ya ɓaci ƙwarai, kwana 3 na yi ina jiran layin nan.

Da yamma na kewaye gefunan da shimfiɗar da ke shanye girgiza, dabarar wani masani mai suna Bérenger ta 1994, wadda asalinta don kaɗawar maganaɗisun lantarki, irin ta rediyo, aka yi ta. Na gudanar sau biyu, da rami da babu, na ɗebe wannan daga wancan. Nan ne ramin ya nuna kansa, siriri, da ƙyar ido ke kama shi. Igiyar Rayleigh, wato girgizar da ke bin saman ƙasa, ta danne shi kamar ganga ta danne raɗa. Dalilin ma a lissafe yake: gudun mita 300 a daƙiƙa, kaɗawa 50 a daƙiƙa, tsawon igiya ya zama mita 6. Rami mai mita 2 ya yi mata ƙanƙanta, yawancinta kewaye shi take yi ta wuce.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan a ƙasa mai tsabta ne, ba tsakuwa, ba ruwa, ba rugugin tirela. Goggona a Bukuru take, yankin da aka daɗe ana haƙar kuza, kuma ba kowane tsohon rami ne aka san bakinsa ba. In na ce wa mai gida ƙarƙashin ɗakinsa lafiya lau, dole in san me na gani.

Malam ya ce ranar Asabar mu fita da guduma da farantin ƙarfe da jiyofon 24, wato na'urorin da ke jin girgizar ƙasa, mu gwada a kan wani kwalbati da muka san zurfinsa. Na sa batir a caji.